Gimba Mai Rijiya da Baƙin Dutsen Inugu

Gimba mai haƙar rijiya mutum ne mai sauƙin kai a kan komai, ban da abu ɗaya. Ka ce masa shayinsa ya yi ruwa, ko hularsa ta karkace, ko tsufa ya fara kama shi, zai yi dariya ya bar maka. Amma ka kuskura ka ce bai san dutse ba, to ka shirya yini a tsaye. A unguwar Hausawa ta Gariki, a Inugu, kowa ya san da haka, shi ya sa ba mai taɓa shi ta wannan gefen. Sai 'yarsa ta cikinsa.

A gindin dutsen Kwatarkwashi aka haife shi, kuma a hannun ubansa ya koyi sana'ar. Dutse iri biyu ya taso ya sani. Akwai fa, wanda in diga ta sare shi sai ta tashi da tartsatsin wuta, in an ci karo da shi a rami sai an hura masa wuta an kwara ruwa kafin ya yarda ya tsage. Akwai kuma marmara, ja, wadda a cikin rami take da laushi har ana yanka ta, in ta fito ta sha iska ta yi taurin da ake aza gini a kanta. Abin da Gimba ya riƙe ke nan tun yana ɗaukar wa ubansa guga: mai tauri a ƙasa zai zauna da taurinsa, mai laushi ma iska ƙarfi take ƙara masa. Ba wanda ya gaya masa akwai dutsen da ke yin akasin haka, don a ƙasarsu babu irinsa.

Yana saurayi ya biyo motar shanu zuwa Fatakwal, da buhun duwatsun wasa wuƙa da wani mahauci na kwatar Trans-Amadi ya yi saƙo. A hanya yana ta yi wa mahaucin dariya a ransa, wai mutum ya aika a kawo masa dutse tun daga Arewa. Da ya sauka dariyar ta ƙare. Gari guda, ka yi yawo har ƙafa ta gaji ba ka ga dutsen da za ka jefi akuya da shi ba. Rijiya kuwa kafin ka yi gumi ruwa ya tsatso. Gimba ya ce wannan ba haƙa ba ce, tonon gyaɗa ne, ya ajiye diga ya kama dako a kasuwar Mile 3. Dakon bai karɓe shi ba. Ya tattara ya koma Anaca, inda ƙasa jan yashi ce mai zurfi, kana haƙa tana biyo ka. A can ya koyi jera zobban siminti a cikin rami don kada ya rufta, kuma ya koya ne yana tsaki, don a ganinsa rijiya mai zobe rijiyar ragwaye ce. A can ɗin dai ya haɗu da Isah, wani Bakano marar yawan magana, wanda ya zama mai riƙe masa igiya har gashin kansu ya yi fari tare.

Daga Anaca suka wuce Inugu. Ranar da suka fara aiki a can, bayan sun wuce jar ƙasa, diga ta daki wani abu ta yi ƙara. Gimba ya sake sara, ta sake yin ƙara. Isah ya ce daga sama ya ji mutumin yana dariya shi kaɗai a cikin rami. Baƙin dutse ne mai toka-toka, falle a kan falle, mai taurin da ke sa kafaɗa ciwo. Rabon Gimba da jin wannan ƙarar tun gida. A ranar ya yanke cewa a garin nan zai zauna, ya aika aka kawo masa matarsa Suwaiba.

Sun kama haya a gidan Alhaji Bubayero, dillalin shanu, gida ne babba mai ɗakuna a jere da tsakar gida ɗaya. Inugu gari ne mai wahalar ruwa, saboda haka Alhaji ya sa Gimba ya haƙa rijiya a tsakar gidan. Ya jera zobba daga sama har inda jar ƙasa ta ƙare, ya aza na ƙarshe a kan baƙin dutse, daga nan zuwa ƙasa ya bar dutsen tsirara, ya sassaƙe matakan ƙafa a jikinsa. Alhaji ya leƙa ya tambaya ko ba za a kai zobban har ƙasa ba.

"Alhaji, ai sa wa dutse zobe raini ne," in ji Gimba. "Ni da kai za mu tafi mu bar shi a nan."

Aka yi daɓen siminti a bakin rijiyar, ya zama nan ne wurin wanki, nan ne wurin wanke-wanke, nan yara ke zama cin mangwaro. Shekaru suka yi ta tafiya ruwan bai taɓa ƙafewa ƙaf ba. Da damina ya hau sama, da rani ya sauka ƙasa.

A gidan aka haifa masa 'yarsa Kamila. Ta tashi da Igbo da Turancin burokan a bakinta kamar 'yar gari, Hausa kuma sai ta shigo gida. Da ta samu jami'a aka ba ta karatun ƙasa da duwatsu, Gimba bai bar kowa ya huta ba a bakin masallaci. Gado ne, in ji shi. Abin da ya sa a ransa shi ne yarinyar za ta je ta ji a bakin malamai abin da ubanta ya daɗe da sani, ta dawo ta ce masa Baba ashe gaskiyarka.

Da farko ma kamar hakan za a yi. Wani hutu da ta zo, suna zaune da la'asar, ta gaya masa cewa dutsen garinsu a narke yake a da, can ƙarƙashin ƙasa, ya huce a hankali tsawon zamanin da ba ya lissaftuwa, ruwa da iska suka yi ta kwashe ƙasar da ke kansa har ya bayyana. Ta ce har yanzu cinsa suke, ƙwara-ƙwara, rafi ya kai wa kogi, kogi ya gangara da shi kudu ya zube a bakin teku. Ta ce yashin da Fatakwal ke zaune a kai, da yawansa daga duwatsun Arewa ya fito.

"To dutsen washin da na kai musu fa?"

"Ka kai wa yashi kakansa ne, Baba."

Gimba ya yi dariya har da buga cinya. Wannan ya yi masa daɗi, ya yi mako yana maimaita wa mahauta. Sai da ta zo kan dutsen Inugu hirar ta ɓaci. Akwai wani gutsure da ya taɓa cirowa daga rami mai hoton katantanwa a jikinsa, ya ajiye shi a taga don ado. Kamila ta ce ai wannan shaida ce, nan inda suke zaune teku ne a da. Laka ce ta yi ta kwanciya a ƙasan ruwan, falle a kan falle, nauyin na sama ya danne na ƙasa har ya daskare.

"Bai taɓa ganin wuta ba, Baba. Tukunya ce da ba a gasa ba. In yana cikin ruwa kullum zai zauna, in yana bushe kullum zai zauna. Amma ya jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe, komawa yake laka."

"Dutsen da ya karya mini ƙotar diga shi ne laka?"

"Ranar da ka same shi ba a taɓa buɗe shi ba."

"Ke Kamila," ya ce, yana naɗe tabarmarsa, "littafi aka karanta miki. Ni da kafaɗata na karanta."

Daga nan ba su sake ɗaga maganar ba. Ita tana ganin girmansa, shi kuma yana ganin yarinta ce za ta wuce.

A ƙarshen ranin da ta gama karatu ne abin ya taso. Ruwan rijiyar ya ja ƙasa sosai, kuma kwana da kwanaki guga na fitowa da ruwa gurɓatacce, da wasu baƙaƙen ɓawo-ɓawo a gindinsa. Suwaiba ta yi ta mitar fararen kayanta. Wata safiya Kamila ta tsamo ɓawon guda ta murza a yatsu, ya narke ya bar mata baƙar laka. Ta tsaya tana kallon daɓen da take kai. Wata siririyar tsaga ta zagaye bakin rijiyar, kuma ruwan wankin da aka zubar, maimakon ya gangara waje yadda aka gina shi, komowa yake yana taruwa a gindin zoben sama. Ta ɗauke ƙafarta a hankali, ta janye wata yarinya da ke zaune a wurin, ta je ta samu ubanta yana karyawa.

"Baba, a hana kowa hawa daɓen nan. Ina jin ƙasan rijiyar ya cinye. Inda ruwa ke hawa yana sauka duk shekara, dutsen ya zube. In haka ne, zobban nan ba a kan komai suke zaune ba."

Da su biyu ne kawai, wataƙila da ya yi shiru ya je ya duba a ɓoye. Amma Alhaji Bubayero na zaune a kan benci a ƙofar ɗakinsa, kuma Alhaji mutum ne da ba ya ganin wuta bai ƙara mata kara ba.

"Sarkin Rijiya, barka da asuba. Me nake ji haka? Ɗaliba ta kayar da malami?"

Gimba ya ajiye kofinsa. "Yasa kawai rijiyar take so, Alhaji. Laka ce ta taru. A kira mini Isah."

"Baba, don Allah kada ka shiga. A zura tocila da igiya a gani."

"Ni za a zura wa tocila a rijiyata?"

Suwaiba ta fito ta ce, "Malam, ka dai ji ta." Bai ko waiwayo ba. Abin da ke cinsa ba maganar Alhaji ba ce kaɗai. A gaban gida guda 'yarsa ta ce ramin da ya haƙa da hannunsa, wanda matarsa ke tsayawa a kai kullum safiya, tarko ne. Ya ji gara ya sauka ya ɗebo laka ya zube a gabanta, a wuce wurin.

Isah ya zo da igiya da guga. Ya naɗa igiyar a jikin turken ƙarfe da ke can gefen katanga, yadda suka saba, ɗaya bakin kuma Gimba ya ɗaura a ƙugu. Hantsi ya ɗaga, zafi ya yi nauyi, gabas ta fara haɗa hadarin farko na shekara. Gimba ya saƙala tocila a wuya, ya yi bisimilla, ya zura ƙafa.

Cikin zobban bai ga komai ba. Yana sauka yana dogara ƙafa a jikinsu, yana jin sanyin ƙasa na taso masa, har ransa ya fara daɗi. Da ya zo zobe na ƙarshe sai ya miƙa ƙafar dama inda matakin farko yake. Shi ya sassaƙe shi, ko ido rufe ya san wurin. Ƙafar ta tafi cikin iska. Ya miƙa ta hagu, ita ma haka. Kafin ya ce wani abu Isah ya ƙara sakin igiya, sai ga shi yana lilo a tsakiyar duhu, hannu da ƙafa ba abin da suke taɓawa. Ya dira a cikin laka har gwiwa, ya kunna tocila.

Ramin da ya bari faɗinsa bai wuce ya buɗe hannuwa ya taɓa gefe da gefe ba. Yanzu ɗaki ne. Bango ya ja da baya ta ko'ina, ya yi kogo, jikinsa duk ɓawo a tsaitsaye kamar busasshen ganye. Ya sa hannu ya taɓa, dutsen da ya karya masa ƙota ya zubo masa a tafi. Sannan ya ɗaga tocilar sama. Gindin zobe na ƙarshe a fili yake. Gefe ɗaya ne kawai ke dafe da ɗan harshen dutse da bai fi tafin hannu biyu ba, sauran duk a iska yake, ya ɗan karkace, da tsaga a jikinsa. A kansa akwai 'yan'uwansa a jere har sama, a kansu akwai daɓe, a kan daɓen kuma yana hango kawunan mutane sun zagaye hasken suna leƙowa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

"Isah," ya kira, yana danne murya kamar zoben zai ji. "A ja da baya. Kowa ya sauka daga daɓen."

"Me ka ce, Malam Gimba?"

"Na ce a ja da baya!"

Ai kuwa kamar ya ce a matso. Mutanenmu in suka ji an ce akwai matsala a rami, kowa sai ya ga da idonsa. Kawuna suka ƙaru, hasken ya rage, ya ji muryar Alhaji a kansa yana tambaya wai maciji ne. Ƙasa ta zubo masa a fuska. A daidai lokacin kuma ya ji wani gurnani na tahowa ta cikin bango, lakar da yake tsaye a ciki ta fara rawa. Tankar ruwa ce. Alhaji, da yake mutum ne mai tsari, ya kira ta tun da safe don a cika randuna tunda ana yasar rijiya, ga ta nan tana shigowa da baya ta ƙofar gida. Ɓawon dutse ya fara zubowa ta ko'ina, yana faɗawa cikin ruwa da ƙaramar ƙara.

Gimba ya manna bayansa a cikin kogon, ya rufe kai da hannuwa, yana salati. Daga can sama ya ji wata murya da bai taɓa sanin 'yarsa na da ita ba, tana daka wa direban tankar tsawa da burokan ya kashe injin.

"Oga, off dat engine! Off am now now! Person dey inside ground!"

Gurnanin ya ci gaba, ta sake yi masa da Igbo, da ƙarfin da ya sa kajin gidan suka watse. Injin ya mutu. Sannan ta juyo kan na gida.

"Ku sauka! Umma, ki ja yaran nan. Alhaji, ka sauka daga kan daɓen nan!"

"Ke 'yar nan, ni kike..."

"Ka yi haƙuri, Alhaji, ka zage ni anjima. Nauyinka a kan Baba yake."

Kawunan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya, hasken ya dawo zagayayye. Ba abin da yake ji sai ɗigar ɓawo da numfashinsa. Igiyar ta motsa, ta fara tsukewa a ƙugunsa. Isah ne ya fara ja. Gimba ya ga igiyar ta kwanta a leɓen zoben sama, ya san duk nauyinsa a kan zobban zai hau.

"Kada ka ja! Isah, kada ka ja!"

Igiyar ta saki. Muryar Kamila ta zo daga nesa, ba daga bakin rijiyar ba.

"Baba, kana jina? Zoben ƙarshe a kan me yake?"

Gidan duka na saurare, ya sani.

"Ba a kan komai ba," ya ce.

Ta ce ya tsaya a gefe, kada ya tsaya a ƙarƙashin bakin, kuma kada ya taɓa bango. Bayan haka sai hayaniya da gudu, shi kuma yana tsaye a cikin laka bai san me ake yi ba. Daga baya ne aka ba shi labari. Gidan maƙwabta ana gini, da dogayen gora da magina ke hawa. Isah da direban tankar suka kwanto guda uku aka ɗaure su wuri ɗaya. Aka mirgino turame biyu aka kafa su nesa da daɓen, ɗaya ta nan ɗaya ta can. Aka zura gorar ta ƙarƙashin igiyar tun daga wajen turke, maza biyu suka kama bakinta biyu suka taho da ita a ɗage har ta zo saitin tsakiyar rijiyar, suka aza a kan turamen. Ba wanda ya taka daɓen. Abin da Gimba ya gani shi ne wani layi ya raba hasken biyu, igiyarsa ta bar leɓen zobe ta sauko ta tsakiya.

Hasken kuma ya fara dushewa. Iska mai sanyi ta shigo ramin, ya ji tsawa can nesa. In ruwan nan ya sauka, duk abin da ya zubo daga rufin gidan ta tsagar nan zai bi.

"Baba, za mu ja. Ka haɗe ƙafafunka, ka haɗe hannuwanka. Kada ka dogara da komai."

"Ta yaya mutum zai hau rijiya bai dogara ba?"

"Ka zama guga, Malam Gimba," in ji Isah.

Aka ja. Laka ta riƙe ƙafafunsa, ta saki da ƙyar, ta cinye masa takalmi ɗaya. Ya tashi sama yana juyawa a hankali, igiyar na cin haƙarƙarinsa, gorar na kuka a can sama. Bakin zoben na matsowa. Tun yana yaro jikinsa ya saba, in bango ya zo kusa ƙafa ta miƙe ta dafa, ba sai ya yi tunani ba. Ya harɗe ƙafafun, ya cije leɓe, yana yaƙi da su kamar na wani. Kansa ya shiga zoben. Tsagar na daidai idonsa, yana ganin ƙasa na tsiyayowa ta cikinta. Kafaɗu suka shiga. Juyin igiyar ya kai shi gefe, kafaɗarsa ta gogi siminti, ya ji abin ya motsa.

"Ku ja," ya ce a hankali. Sannan ya kware baki. "Ku ja!"

Maza da mata suka kama igiyar suka ruga da ita wajen ƙofar gida, har da Alhaji da babbar rigarsa. Gimba ya wuce zobe na ƙarshe, ya wuce na sama da shi, sai ya ji ƙara a ƙarƙashinsa kamar an kayar da katanga, iska da laka suka bugo shi daga ƙasa. Zoben da ke gefensa ya zame ƙasa yana kallo, leɓensa ya tsaga masa ƙwauri. Bai ji zafi ba. Kansa ya bugi gora, ya rungume ta. Isah ya zuro masa wata gorar, ya kama, aka jawo shi a kwance ta kan daɓen kamar buhu, har sai da ya ji ƙasa ta gaske a ƙarƙashin ƙirjinsa.

Daɓen bai faɗa nan take ba. Ya tsaya yadda yake, da kwanon wanke-wanke da takalmin wata yarinya a kai, har wasu suka fara cewa alhamdulillahi abin ya tsaya. Sai gefe ɗaya ya sunkuya a hankali, kwanon ya gangara, dukkansa ya tafi. Turmi ɗaya ya bi shi. Ƙura ta tashi ta kwanta. Inda mata suka yi wanki da safen nan rami ne buɗe, wanda zai haɗiye keke napep.

Suwaiba ta zauna daɓas a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Isah ya juya baya yana share ido da hula. Alhaji Bubayero, wanda bakinsa bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya tsaya da igiya a hannu yana kallon ramin.

Kamila ta durƙusa tana kwance masa ƙullin ƙugu. Jini na bin ƙafarsa. Ya kalle ta, ya kalli ramin.

"Tun yaushe yake haka?"

"Ba zan iya sani ba, Baba."

"Ki gaya mini."

"Ya yi shekaru."

Ya runtse ido. Kunya ta rufe shi, da wani abu da ya fi kunya nauyi. Ɗigon farko ya faɗo masa a goshi, wani ya faɗo a kan kwanon rufi, ƙamshin ƙasa ya tashi. Suwaiba ta taso da tsumma da ruwan zafi, Alhaji na cewa a kira keke a kai shi asibiti. Gimba ya buɗe ido, ya dafa kafaɗar 'yarsa ya miƙe, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu.

"Malam, ina kuma za ka da wannan ƙafar?" in ji Suwaiba.

"Gidan Hafizu mai nama," ya ce. "Da gidan bayan masallaci. Da makarantar allon Malam Jumare." Ya nuna ramin. "Duk rijiyoyinsu haka na yi musu, ba zobe har ƙasa. Duk."

Ruwan ya ƙara ƙarfi. Ya kama hanyar ƙofa yana ɗingishi, ya tsaya, ya juyo.

"Kamila, ɗauko tocila ki zo. Ke za ki duba. Mu fara da makarantar, yanzu yara ke fitowa alwala."